Amanar Hurumi, Makiyaya da Burtali a Ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya shimfiɗa mana ƙasa, Ya saukar da ruwa a kanta, Ya fitar mana da abincinmu da na dabbobinmu daga cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa. 

Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne ƙasar nan da ba wanda ya gada, ba wanda ya saya, amma kowa yana da haƙƙi a cikinta. Muna nufin hurumin gari, da makiyaya, da burtali, da mashaya, da gandun daji, da bakin gulbi inda ake ɗiban ruwa ake tsallakawa, har da maƙabarta da filin idi. Za mu tsaya a kan ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, domin wutar da wannan al'amari ya taimaka wajen kunnawa ta ci su ƙwarai. Watakila wani ya ce, me ya kawo zancen burtali cikin majalisin karatu? To, duk wanda ya sauke Muwaɗɗa ta Imamu Malik ko Mukhtasar na Shaihu Khalil ya san cewa hukuncin raya mataccen fili da na hurumi suna nan a ciki, kuma malamin da ya rubuta babin alwala shi ne ya rubuta su. Sai dai an fi karanta farkon littafi. Kafin a kai ƙarshensa ɗalibi ya yi aure ya kama kasuwa.

Tushen maganar shi ne hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda Manzon Allah (S.A.W.) ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan da Musulmi suke tarayya a kansu. Malamai suka yi bayani cewa ciyawar da ake nufi ita ce wadda ta tsiro da kanta a filin da ba mallakar kowa ba, wasu kuma suka shigar da itacen da ake hura wutar da shi. A zamanin Jahiliyya, kamar yadda Imamu Shafi'i ya hakaito, idan babban mutum ya sauka a wuri mai dausayi sai ya hau tudu da karensa ya sa shi haushi, duk inda haushin ya kai ya zama makiyayarsa shi kaɗai, alhali kuwa yana tarayya da sauran mutane a wajenta. Musulunci ya rushe wannan. Keɓe fili bai halatta ba sai don maslahar jama'a. Annabi (S.A.W.) ya keɓe Naƙi'u don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar (R.A.) kuma ya keɓe Rabaza da Sharaf.

Amma abin da muke so mu daɗe a kansa shi ne wasiyyar da Umar ya yi wa bawansa Hunayyu sa'ad da ya ɗora shi a kan makiyayar, wadda take cikin Muwaɗɗa da Sahihul Bukhari. Ya umarce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya kuma kange garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usmanu ɗan Affan. Dalilinsa shi ne, su waɗannan biyu idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma gare su, shi kuwa talaka idan tasa ta halaka, ƙofar Umar zai zo da 'ya'yansa, kuma ba shi ruwa da ciyawa ya fi sauƙi ga baitulmali a kan ba shi zinariya da azurfa. Ku duba, 'yan'uwa, su wa aka kange: mutum biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Sai ku auna da namu zamani, ku ga wa ake buɗe wa makiyaya, wa ake kora.

A mazhabar Malikiyya kowane gari yana da hurumi, kuma an auna shi da ƙafar talaka: wurin da mai itace da mai kiwo za su fita da safe su isa, su dawo gida da yamma. Wannan fili na mutanen garin ne gaba ɗaya. Filin da ke kusa da gari ba a raya shi sai da izinin shugaba, shi kuma shugaba wajibi ne ya duba ko abin zai cutar da mutanen garin. Idan an yanka wa mutum fili ya kasa raya shi, to ba a bar masa ya zauna a kai. Annabi (S.A.W.) ya ba Bilalu ɗan Harisu kwarin Aƙiƙu, da zamanin Umar ya zo ya karɓe abin da ya fi ƙarfinsa ya raba wa Musulmi. Haka nan ma'adini. An ba Abyalu ɗan Hammal wurin gishirin Ma'arib, da aka shaida wa Annabi cewa wurin tamkar ruwa ne mai ɓuɓɓuga da ba ya yankewa, sai ya janye kyautar. Wannan ya sa malaman Malikiyya suka bar al'amarin ma'adinai a hannun shugaba, ya sarrafa su don amfanin Musulmi duka.

Wannan ilmi kuwa ba baƙo ne a ƙasar Zamfara ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kimanin shekara 5 yana wa'azi a cikinta kafin hijira. Ƙanensa Malam Abdullahin Gwandu ya wallafa littafi sukutum a kan hanyoyin da ake mallakar mataccen fili da su, mai suna Ta'alimur Radi. Shehu kuma a Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su. Ku riƙe wannan kalma ta gaisuwa, za mu sake gamuwa da ita a bakin burtali.

Wani abin mamaki shi ne dokar ƙasa ma da harshen amana ta yi magana. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka cusa cikin tsarin mulkin Nijeriya, ta ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun Gwamna ne a matsayin amana, don amfanin 'yan ƙasa baki ɗaya. Ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da filin karkara har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, abin da ya haura haka sai da amincewar Gwamna. Ta kuma ce a kafa wa kowace ƙaramar hukuma kwamitin ba da shawara kan rabon filaye. Kafin ita akwai dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965. Daga cikin makiyayai kimanin 415 da ake ƙirgawa a Nijeriya, kimanin sulusi ne kawai aka tabbatar da iyakokinsu a takardar gwamnati. Sauran suna nan a bakin mutane. Wato shari'a ta ce shugaba wakili ne, doka ta ce Gwamna mai riƙon amana ne. Tambayar da ba a amsa ba ita ce: amanar nawa ce, daga ina ta fara, a ina ta ƙare? Mai ajiyar da ba a ƙirga masa kaya ba ranar da aka ba shi, da me za a tuhume shi ranar karɓa?

Yanzu mu zo ga abin da ya same mu. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Anka tana da mutum sama da 140,000, Gummi da Bukkuyum kowace sama da 200,000, wato fiye da rabin miliyan a cikin ƙasar da ta ɗan haura murabba'in kilomita 8,000. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, amma kowa ya san sau nawa yake zuwa suna a wata. Gandun da uba ɗaya ya noma yau 'ya'ya da jikoki ne a kansa. Saura ta ƙare, ba mai iya hutar da gona shekara uku kamar dā. Ga taki ya yi tsada, to sai ido ya koma kan daji, inda ƙasa take da sauran ƙarfi. Wannan buƙata ce ta gaskiya, kuma duk wanda ya zo da tsarin da bai san da ita ba, tsarinsa a takarda zai tsaya.

Sai dai ba buƙatar talaka ce kaɗai ta cinye dajin ba. Talaka da gatarinsa kadada nawa zai sassabe? Manyan yankuna da takarda aka ɗauke su. Wani ya kai gaisuwa ya samu, wani ya samu don ya yi wahala a zaɓe, wani bai taɓa taka wurin ba sai dai ya turo motar noma. Ita gwamnati da kanta ta tabbatar da haka, domin a 2019 gwamnatin Bello Matawalle ta sanar da soke duk rabon gonakin da aka yi a cikin makiyayai da gandayen daji da hanyoyin shanu tun daga 1999. Ku lura da shekarar. Ita ce shekarar da aka shelanta shari'a a Gusau. An kafa kotuna, an hana giya da caca, kuma alheri ne. Amma babin hurumi yana nan cikin littafi, ba a buɗe shi ba.

Burtali kuwa ba rana ɗaya yake mutuwa ba. Bana manomin dama ya ƙara kunya biyu, baɗi na hagu ya ce ai ba a fi shi wayo ba, ya ƙara uku. Cikin shekara goma hanyar da garke biyu ke gilmawa ta koma wadda saniya ba ta bi sai bakinta ya kai ga dawa. Sai ɓarna, sai ƙara, sai tarar da ta ninka ɓarnar sau da yawa, sai a sayar da sa a biya. Wanda aka yi wa ɓarna ma sau da yawa ba ya ganin kuɗin, a hanya suke narkewa. Kowa ya tashi da ciwo a zuciya. Ruwa ba ya tsami banza. Kada wani ya fahimci cewa muna nema wa ɓarayin daji uzuri. Wanda ya ɗauki bindiga ya kashe mai noma a gonarsa, ya sace matar aure, ya ɗora wa ƙauye haraji, ɗan fashi ne, hukuncinsa kuma sananne ne a shari'a. Haka nan ɗan sa-kan da ya yanka bawan Allah a kasuwa don kawai Bafillace ne, jini yana wuyansa. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda M. D. Abubakar ya shugabanta a 2019 ya ƙirga mata kusan 5,000 da aka kashe wa mazaje, da marayu sama da 25,000, da mutum sama da 190,000 da suka bar gidajensu a jihar tsakanin 2011 da 2019. Bayan wannan ƙidaya ne aka yi kisan watan Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dajin da dā mata ke shiga tsintar kaɗanya, irin su Gando da na wajen Sunke, yau sai a labaran rediyo ake jin sunansu.

To me ya sa soke rabon da aka yi a 2019 bai mayar da makiyayai ba? Tsaro yana daga ciki, babu shakka. Amma ko da lafiya lau ake, umarni daga Gusau ba ya nuna wa kowa inda turken iyaka yake. In ba a rubuta ba, mutanen wurin kuma ba su shaida ba, to kowa zai ce tasa gonar ta kakansa ce. Mun kuma san abin da tsari daga sama yake haifarwa idan ba a zauna da masu wuri ba. Madatsar ruwan Bakolori tana nan kusa da mu, a ƙasar Maradun da Talata Mafara. An zana taswira a ofis, aka tashi mutane, diyya ta zama rigima, har a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta. Dattawan wannan yanki ba su manta ba.

Sai zancen zinariya. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara suna mutuwa a Yargalma ta ƙasar Bukkuyum da Dareta ta ƙasar Anka da wasu ƙauyuka, irin su Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sunke da Duza. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida ana daka, ana niƙa shi da injin niƙan hatsi, ana shanya shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Fiye da yara 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. Sai da aka kankare ƙasar saman gidaje da lunguna aka binne ta a ramuka, aka zubo sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, ba a share ta ba sai 2013, saboda jinkirin sakin kuɗi daga gwamnatin tarayya. 'Yan'uwa, asalin wannan musiba al'amarin fili ne. Da gari ya zauna ya ce ga wurin niƙan dutse can nesa da gidaje, nesa da rijiya da kududdufin da shanu ke sha, kamar yadda kakanninmu suka fitar da majema da marina gefen gari, da abin bai kai haka ba. Ga kuma tambayar da ta rage: waɗancan ramuka da aka binne gubar a cikinsu, wa ya san wurinsu nan da shekara 30? Wa zai hana jikan wani ya haƙa rijiya a kai?

Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta kuma ɗage hanin a watan Disambar 2024. A tsakani, cikin Janairun 2024, Gwamna Dauda Lawal ya sa hannu a umarnin da ya hana sarakuna bayar da takardar amincewa ga masu neman haƙa. Tsarin mulki ya bar abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun tarayya, amma dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasin haƙa ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin kafin ya fara aiki. To wace ce al'umma a nan? Idan mutum uku ne a ɗakin otal suka sa hannu da sunan gari, an cika sharaɗin takarda, an ci amanar gari. Kamfanoni za su zo. Za su tarar da garin da ya riga ya san makiyayarsa da maƙabartarsa da mashayarsa, ko su tarar da wanda bai sani ba.

Manyan garuruwan ma suna kumbura. Mutanen ƙauyuka sun kwararo Anka har filin sabuwar fadar da ake gina wa Sarkin Zamfara ya zama sansani. Gummi ta ga ambaliya a daminar 2024, gidaje masu yawa suka rushe, a watan Satumbar shekarar kuma jirgin ruwa ya kife da manoma masu tsallaka gulbi zuwa gonakinsu, aka rasa rayuka da dama. Allah Ya jiƙansu. Duk inda aka yanka fuloti a kan hanyar ruwa, ruwa zai zo ya nemi hanyarsa.

Ga abin da ya fi damunmu, kuma shi ne dalilin wannan lacca. In Allah Ya yarda wannan fitina za ta wuce. Ranar da ta wuce, dubban mutane za su koma ƙauyukan da suka bari shekara biyar, wasu goma. Za su tarar gamba da aduwar da ke kan iyaka sun ɓace cikin sabon daji. Dattijon da ya san iyakar ya rasu a sansani. Marayan da aka fita da shi a goye ya dawo saurayi, bai san gonar ubansa ba, baffansa kuwa ya sani amma ya yi shiru. Makiyayin kirki da ya gudu Kwara ko Ghana da 'yan shanunsa zai dawo ya ce a nan aka binne cibiyarsa, a ce masa ba a san shi ba. Mai kuɗi zai riga kowa zuwa da takarda. Idan aka bari sai ranar nan sannan za a fara tambayar ina burtali, to an shuka fitina ta biyu a cikin tokar ta farko. Tun ran gini ran zane.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana irin wannan. A Toda, cikin jihar Maraɗi, a 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, akasarinsu mata da yara. A 1993 ƙasar ta fitar da kundin dokokin karkara, wanda a ƙarƙashinsa aka kafa hukumomin filaye tun daga sama har ƙauye. A ta ƙauye mai gari ne ke shugabanta, tare da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Su ke shaida ciniki da aro da jingina a rubuce. An kafa wa burtali turakun siminti da kowa ke gani, kowace kaka kuma hukuma tana shawara da jama'a ta sanar da ranar da za a saki gonaki ga dabbobi. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, da mata da makiyaya a ciki, suka riƙe abin da suke kira sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a cikin gona maimakon a ƙone shi. Da irin wannan aka maido da itatuwa a fili kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba mu ce sun huta ba. Su ma 'yan bindiga suna taɓa su ta wajen Madarunfa da Gidan Rumji. Amma Hausawa ne da Fulani irinmu, ruwan samansu bai kai namu ba, sun kuma nuna cewa abin yana yiwuwa.

Shawararmu ita ce a fara daga ƙasar hakimi guda, domin ƙaramar hukuma ta yi faɗi, mutanenta ba su san gonakin juna ba. Inda ake iya fita, a fita da ƙafa bayan an kawar da amfanin gona, da hakimi da liman da arɗo da dattawan ɓangarorin biyu, a bi burtali daga mashiga har mafita, a bi makiyaya a zagaye ta. Inda ba a iya fita, wanda shi ne mafi yawa a yau, to ai dattawan suna nan tare da mu a cikin gari. A zaunar da su, a tambayi manoma daban, a tambayi makiyaya daban, kowa ya zana a ƙasa da tsinke: ga tsamiyar nan, ga ƙorama, ga tsohuwar rijiya, ga inda shanu ke gangarawa. Sannan a haɗa zanen biyu. Za ku yi mamakin yadda za su dace a mafi yawan wurare. Inda suka saɓa, nan ne aikin sulhu yake. Yaranmu da suka yi karatu su kwafe a takarda, su ɗauki muryoyin a waya. Wasu kuma su je gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna da na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, domin waɗannan ƙasashe a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato suke a dā, su nemo abin da aka rubuta a kan gundumomin da iyakokin gandayen daji.

Kada a yi wannan zama babu mata. Mace ce ta san ɗorawa nawa ta rage a yammacin gari, ita ta san nisan da itace ya ƙara, ita ce kuma ta yi jinyar yaran Dareta da Bagega. A shirya musu nasu zaman yadda shari'a ta yarda, malama ta rubuta abin da suka ce, a kawo shi gaban majalisa. Haka masu haƙar zinariya da masu gawayi da masunta. Wanda aka yanke hukunci ba ya nan, shi ne zai fara karya shi da dare.

Bayan an san abin da ke akwai, sai a zo ga magana mai wuya, wato rabon gaba. Gari zai ƙaru, to ta wace fuska? A nuna ta tun yanzu, a kauce wa hanyar ruwa, a cire filin makaranta da ƙarin maƙabarta kafin a yanka wa kowa. Samari suna son gona, to wane yanki na daji za a buɗe musu, kadada nawa ga mutum, kuma a bisa sharaɗin wanda bai noma ba shekara uku a karɓe, kamar yadda Umar ya yi. Wane yanki ne za a rufe wa gatari wasu shekaru ya farfaɗo. Gonar da aka yi a tsakiyar burtali dole ta tashi, amma idan ta talaka ce a musanya masa. Idan ta wanda ya tara ɗaruruwan kadada ce da takardar gaisuwa, wasiyyar Hunayyu ta ishe mu hukunci. Filin da aka ba 'yan gudun hijira a bakin gari a rubuta ko aro ne ko kyauta, da shaidu, tun masu bayarwa suna raye.

A rubuta duk wannan da boko da ajami. Kofe ɗaya wurin hakimi, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin arɗo, ɗaya a kotun shari'a ta yankin, ɗaya a kai wa uban ƙasa ya miƙa fadar sarki a buga hatimi, sannan a nemi majalisar ƙaramar hukuma ta mayar da shi dokarta, a kuma ajiye shi gaban kwamitin nan da dokar 1978 ta ambata. Amma ƙarfin abin yana ga shela. A karanta littafin a bainar jama'a bayan sallar Juma'a sau biyu a shekara, kafin shuka da bayan girbi. A kuma yi ƙa'ida cewa ba wani taƙi na ƙasar jama'a da zai fita zuwa hannun mutum ko kamfani sai an shelanta shi Juma'a uku a jere, an faɗi sunan mai nema da girman wurin da abin da ya biya. Ɗaurin aure ma da shaidu da shela ake yin sa, balle abin da ya shafi haƙƙin wanda ba a haifa ba tukuna.

Mun san abin da wasu ke faɗa a ransu: kwamitin nan ma zai zama sabon bakin da za a riƙa ciyarwa. Tsoron yana kan hanya. Saboda haka kada a sa masa alawus, kada ɗan kwamiti ko ɗansa ya samu fili daga ƙasar jama'a muddin yana kai, a kuma sauya rabinsu duk bayan shekara biyu. Iyayenmu sarakuna da iyayen ƙasa kuwa, wannan littafi garkuwa ne gare su, domin idan babban mutum ya aiko daga birni yana son daji, sai a nuna masa littafi a ce abin ya fi ƙarfin fada. Limamai da masu wa'azi kuma nasu aikin shi ne su buɗe waɗannan babuka a karatun tsakanin Magariba da Isha, su shaida wa mutane cewa cin taƙi guda na burtali ƙwace ne, kuma ƙwacen ƙasa yana cikin abin da Annabi (S.A.W.) ya yi gargaɗi mai tsanani a kansa.

Abin da muke roƙo kafin zama mai zuwa kaɗan ne. Kowane ɗan'uwa da ke nan ya rubuto mana sunan ƙauyensu na asali, da dattawa biyu da suka haura shekara 70 waɗanda suka san dajinsa, ɗaya manomi ɗaya makiyayi, da unguwa ko sansanin da suke zaune yanzu. A miƙa wa masu rubutu a bakin ƙofa ko a aiko. Da waɗanda suka fi tsufa da marasa lafiya za a fara.